Ƙwan Zabin Goggo

Assalamu alaikum admin da sauran 'yan uwa na wannan zaure, barkanmu da war haka. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a nan, da sun ga sunan sun gama gane gidan. Don Allah ku ba ni shawara, musamman ma'aikatan asibiti da iyayenmu mata da ke ciki, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, don na san wasu tun daga tsakiya za su fara rubuta mini cewa jahilci ne.

Ni matar aure ce a Kazaure, asalinmu wani ƙauye ne ta wajen Roni. Auren zumunci aka yi mana, mijina ɗan Goggona ne, yayar mahaifina, kuma ita ta raine ni tun ina ƙarama da mahaifiyata ta rasu. Saboda haka in na ce uwar mijina kada ku hango irin waɗanda kuka saba karantawa a nan. Matar nan ita ta goya ni, ita ta tsaya na gama sakandare lokacin da dangi ke cewa ya isa haka, yanzu ma gida ɗaya muke, ɗakinta na kallon nawa. Shi kuwa Yaya, haka nake ce wa mijin nawa har yau bakina ya ƙi sabawa da wani suna, harkar hatsi yake yi, rabin sati yana Babura da kasuwannin bakin iyaka.

Shekara biyu da suka wuce na samu cikin fari. Da na fara zuwa awo, nas ɗin da ke yi mana bayani kullum maganarta ɗaya, mai ciki ta ci furotin, wato abinci mai gina jiki, ƙwai, wake, awara, kifi, nama, nono, gyaɗa, duk wanda ya samu. Ni kuma dama tun a makaranta in malami ya faɗi abu sai na bi shi har ƙarshensa. Na dawo gida na karanta wa Goggo, ta ce a'a, su a zamaninsu mai ciki ba ta kusantar ƙwai, yaro sai ya taso da ɗauke-ɗauke, kuma in aka cika wa mai ciki maiƙo ɗa ya yi ƙato a ƙare a wuƙar likita. Na ce mata to Goggo ɓarayin garin nan duk ƙwai iyayensu suka ci? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce 'yan boko ba a iya muku. Da damina ta faɗi zabinta suka fara ƙwai, don tana da zabi da yawa a lokacin, sai ga ta da kanta tana dafawa, ta ɓare, ta barbaɗa yaji ta kawo mini har gado. Ta ma koyi kalmar, furoti take cewa, ta leƙo da safe ta ce 'yar nan tashi ga furotinki. Yau faten wake, gobe awara, in 'yan uwanmu sun shigo daga ruga ta karɓar mini kindirmo. A rayuwata ban taɓa samun gata irin na watannin nan ba.

Da cikin ya shiga wata takwas ƙafafuna suka kumbura, fuskata ta yi suntum, ga ciwon kai da ba ya sauka, wani lokaci in riƙa ganin ƙyalli-ƙyalli a idona. Ranar awo an cika maƙil, nas ɗin ta gwada ni, ta sa na kawo fitsari, sannan ta ce jinina ya hau kuma akwai furotin a fitsarina, gobe-goben nan in je babban asibiti likita ya gan ni. Wallahi ta faɗa, ba zan ɗora mata ba. Amma ni a cikin adaidaita har na iso gida kalma ɗaya ce ke yawo a kaina, furotin. Na gaya wa Goggo yadda aka yi, ta ce ai ga shi nan a fili, randa ce ta cika take zuba, abin da nake ci ne ya yi wa jikin yawa har yana fita ta fitsari, kumburin ma shi ne. Ta ce in na je babban asibiti a haka za su ga ɗa ya yi girma su ce sai yanka, gara a tsayar da cin abubuwan nan kwana biyu jikin ya sace, sannan mu je. Ni da sakandaren tawa maganar ta zauna mini daram. Na kira Yaya a waya yana Babura, shi ma ya ce hakan ya yi, in ya dawo sai ya kai ni da kansa. Aka koma kunu da tuwo da miyar kuka fara, har daddawa Goggo ta daina sakawa don wata maƙwabciya ta ce mata ita ma furotin ce.

Ranar da abin ya faru ban san ta ba, labari aka ba ni. Wai ina zaune ina tsintar shinkafa bayan azahar na kife ina jijjiga, har na tauna harshena. Na farka a gadon asibiti da ɗinki a cikina, yaron kuma an riga an kai shi makwancinsa. Namiji ne. Ban gan shi ba, Goggo ce ta yi masa wanka, ta ce hancina ya ɗauko. Ban yi kuka ba a ranar, ban yi ba a wajen zaman gaisuwa, har yau ban yi ba. Mutane suna ta yaba mini wai ina da dangana, ni kuwa na san ba dangana ba ce, in na duba cikin zuciyata ne ba na samun komai.

Kafin a sallame mu likita ya zaunar da ni da Yaya, Goggo tana waje tana gadin kwanuka. Ya ce furotin ɗin da aka gani a fitsari ba ruwansa da ƙwai ko wake, suna ne kawai ya zo ɗaya a kunnenmu, hawan jini ne na masu ciki yake taɓa ƙoda har ta riƙa yoyo, ko ban ci ƙwai ko ɗaya ba zai iya zuwa. Ya ce rai na Allah ne, amma da na zo ranar da aka ce in zo da akwai abin da za su iya yi. A hanyar gida, Goggo ta yi gaba da kaya a wata adaidaita, Yaya ya roƙe ni kada maganar nan ta kai kunnen Goggo, ita ma tana fama da nata hawan jinin ga tsufa, in ta ji jiran da ta ce a yi ne ya jawo, ba za ta ɗauka ba. Na ce to. A lokacin ko ce mini aka yi in sauka in taka a ƙasa to zan ce.

Sai dai shirun namu bai bar ta ta huta ba, ta yanke wa kanta nata hukuncin. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce da hannunta ta dafa, iyaye sun hana ta biye wa yarinya. Ta tattara zabin nan kaf ta sa aka kai kasuwa, akurkin ma ta sa aka rushe. Tun daga nan ƙwai bai sake kwana a gidanmu ba. Har a unguwa labarin ya bazu, na taɓa ji da kunnena a gidan suna wata na hana ƙanwarta mai ciki cin awara, tana cewa ba ki ga abin da ya samu wance ba, ba ta san wancen na zaune a bayanta ba.

To yanzu ina da wani cikin, wata bakwai. A wajen awo sun ce ina da ƙarancin jini, hoton da aka ɗauka kuma ya nuna yaron bai kai girman watanninsa ba, sun ce lallai in ci abinci mai gina jiki, in sha magungunan da suka ba ni, kuma kada in yi wasa da zuwa don abin da ya same ni wancan karon yana iya dawowa. A gida kuwa Goggo ta kafa ta tsare a bakin tukunya. Kunu, tuwo, taliya da manja, dafaffen rogo, in an yi miya da nama sai ta bi kwanona da cokali ta tsince tas. Ba da faɗa take yi ba, da lallashi ne, ta zauna gabana tana yi mini fifita tana cewa wannan karon in Allah ya so sai ta goya. Yaya ne ya koma shigo mini da abu a ɓoye, dafaffen ƙwai a aljihun riga, tsire ko awara a leda a ƙasan buhu, in tura ƙofa in ci a tsaye ina kasa kunne. Ashe gaskiyar su Goggo ce da suka ce ƙwai na sa sata, uwar ce dai ta zama ɓarauniyar. Ba na jin ɗanɗanon komai, turawa kawai nake kamar magani. Yaron ma in ya motsa sai in ce to yana nan, shi ke nan, ko wando ɗaya ban saya masa ba.

Satin da ya wuce asiri ya tonu. Goggo ba ta bari in sunkuya, ita ke share mini ɗaki, sai tsintsiya ta jawo ɓawon ƙwai daga ƙarƙashin gado. Na ɗauka za ta yi faɗa, da ma faɗan ta yi. Zama ta yi a ƙasa da ɓawon a tafin hannunta ta daɗe tana kallonsa, sannan matar da ta goya ni ta kama ƙafafuna tana kuka, tana haɗa ni da Allah da Annabi, ta ce kabari ɗaya ya ishe ta. Ta ce in daina zuwa awon nan tunda can ake zuga ni, in haihuwa ta zo a kai ni. Da Yaya ya dawo ta kira shi ɗakinta, ita da ko sunansa ba ta faɗa don ɗan fari ne, ta ce masa in ya sake shigo mini da wani abu ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ina tsaye ina kallon duk wannan kamar a gidan wasu ake yi.

Tun ranar Yaya bai sake kawo komai ba, kuma ban ga laifinsa ba, wa zai ɗauki wannan kalmar a kansa. Mun yi ta sa-in-sa a ɗaki, na ce lokaci ya yi da za a gaya mata gaskiya, ya ce so nake in kashe masa uwa, na ce shi kuma so yake a sake binne masa ɗa, ya fita bai ci abinci ba. Daga baya ya dawo yana ba ni haƙuri, wai in lallaɓa wata biyu ne ya rage, awo kuma in riƙa cewa barka za ni ko dubiya. Na san wasu za su ce in tafi gidanmu goyon ciki, to nan ne gidanmu, ba ni da wata uwar da zan gudu wajenta. Wasu za su ce a kawo nas ta yi mata bayani, na yi wannan tunanin, amma Goggo ba ta yi boko ba ne kawai, kanta na ja. Ana ce mata ba ƙwai ba ne za ta tambaya to mene ne, kuma kafin a ba ta amsa ta riga ta tuna wanda ya ce a jira kwana biyu.

Abin da ya sa na rubuto yau, da safe na zo saka takalmina ya ƙi shiga. Goggo ta gani, ta durƙusa ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ɗago ta ce kin gani ko 'yar nan, ragowar ƙwan ranar nan ne bai gama fita ba, ki kwanta kwana biyu zai sace. Kalmomin nan dai na wancan karon, ko ɗaya ba ta canza ba. Ya kamata in ji tsoro, na jira in ji, bai zo ba, kaina ne kawai yake sarawa.

Asibiti kam zan je, ina gama rubutun nan zan ɗauki hijabina, ba wannan nake tambaya ba. Yaya yana Babura wayarsa ba ta shiga, Goggo kuma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar fita tana tankaɗen garin kunun da za ta dama mini, ba yadda zan wuce ba ta tambaye ni ina za ni ba. In na ce barka za ni, gobe ma sai na sake wata ƙaryar, in dawo kuma in ci gaba da shan kunu yaron na ƙaramcewa. In na faɗi gaskiya na saɓa wa mijina, kuma ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Iyayenmu da ke zauren nan, ku da kuka ga jiya, me zan ce mata? Da wane baki zan gaya wa matar da ta raine ni cewa ƙwan da ta dafa mini bai yi komai ba, ta sayar da zabinta a banza, kwana biyun da ta ce a jira ne?