Akawal Ba Na Sayarwa Ba Ne

Da sunan Allah. Ni Sharfaddeen na Kahu nake rubuta wannan da hankalina cikakke, ko da yake ciwo ya ci jikina. 'Ya'yana Khalid, Sadiƙ, Sa'adiya, ku karanta a tsanake.

Mutane suna ɗauka yaron da ke zuba karatu kamar rediyo ya iya karatu. Ku tambaye shi abin da ya karanta, sai ya kalli ƙasa. Wannan ciwon na yi rayuwata ina magani, kuma da doki na yi.

Na ɗaya. Gado a raba yadda shari'a ta ce. Amma dokina Akawal, da sirdinsa da turkensa, na fitar da su cikin sulusi, wakafi ne ga yaran unguwa. Khalid da Sadiƙ, rigimarku kan sayar da shi ta mutu yau.

Na biyu. Sa'adiya, ke za ki riƙe ajin gindin darbejiya. Kin san yadda nake yi: ki rubuta a allo yadda ake ɗaura sirdi, yaro ya karanta, ya je ya ɗaura. In ya tsallake layin da ya ce a ja majayi, sirdi zai zame, 'yan'uwansa su yi dariya, ya dawo allo da gudu. Wanda ya faɗi dalilin da ya sa Akawal ya ƙi shan ruwa a labarin ranar, shi ne zai riƙe ragama. Ban taɓa ɗaga bulala ba.

Na uku. Gwadabe. Lokacin da yake shugaban makarantarmu, ya tsayar da ni gaban ɗalibaina, ya ce na mai da aji barga, ya sa aka kore ni. Yaran nan suna kuka. Ban yafe ba. Kada ya ɗauki makarata, kada ku tsayar da shi a sahun gaba.

Yanzu jikansa Amiru ya faɗi jarrabawa, yana leƙen Akawal ta katanga. Ku buɗe masa ƙofa. Yaro ba shi da laifi, ku koya masa kamar ɗanku, kada ku karɓi ko goro. In ya gane karatu, ku ɗora shi a kan Akawal ranar kasuwar Rano, ku ja shi har ƙofar kakansa lokacin da majalisa ta cika. Ya karanta, ya yi bayani da bakinsa. Kada ku ce uffan. Gwadabe ya san dokin wa ne.

In kuna shakkar wannan hanyar koyarwa tawa, ku gwada ta gobe da ɗan Sadiƙ tun ina da idon gani.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku ci tuwo a kwano ɗaya, kuma kada turken nan ya wayi gari babu doki.