Yaron Nan da Tafiyar Kainji

Funtuwa, watan Maris, 1969

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Kafur. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Mu nan lafiya lau.

Yaya, so nake ki tashi ki je wurin Tsohuwa, uwar maigidana, ki sa ta aiko a ɗauko mata jikanta kafin Asabar. Ta ce kewarsa take yi, ko ba ta jin daɗi, duk abin da ya zo bakinta. Amma don Allah kada ta san daga wurina maganar ta fito.

Malam Maharazu, mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, ya tsaya yana tambayata wane jikan. Na ce ya rubuta yaron nan, ke kin sani. Ɗan fari ne, ta ina zan kama sunansa a bakin titi?

Ga yadda aka yi. An gama gurzar auduga ta bana, sai Baturen da maigida yake tuƙa wa mota ya ce za su tafi hutu Kainji, inda aka tare kogin Kwara ya zama tafki. Wai kusa da wurin akwai dajin da aka hana farauta, a shiga da mota a yi ta kallon giwa da ɓauna da zaki, a dawo ba a harbi komai ba. Ni dai ban ga amfaninsa ba. Sai shiri suke yi, ga tanti, ga garewanin ruwa, ga gidan sauro. Har jirgin ruwa za su hau su je ganin dorina.

To ɗan Baturen sa'an yaron nan ne, tare suke wasa, ya kafe sai da shi za a je. Ranar da maigida ya kawo maganar ƙannensa suna zaune, da matar wansa, duk ido a kaina. Ya tambaye ni ko ina da ta cewa. Yaya, me zan ce? Na kau da kai na ce ina ruwana, su kai shi ko bangon duniya ne. Aka yi dariya, aka ce Mairo akwai kunya, gidansu an yi tarbiyya. Ni kuwa garin da nake tankaɗe yana zuba a ƙasa ban sani ba.

Tun ranar abinci ba ya shiga. Sanda, kukun Bature, ya ce ba a hango ƙarshen ruwan, kada kuma har tudu yake fitowa shan hantsi. Kin san yaron, bai ga abu ya ƙyale ba sai ya taɓa. Ubansa yana riƙe da sitiyari, Bature yana riƙe da abin ɗaukar hoto, matarsa tana riƙe da nata ɗan. Wa zai riƙe nawa?

Malam ya ɗago ya dube ni da na ce nawa. A bar shi haka, ya riga ya fita.

Ki gaida Inna, kada ki gaya mata komai.

Ƙanwarki,
Mairo

Funtuwa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Ina gaida ki, ya gajiyar tafiya? Allah ya bar zumunci. Ina fata kowa lafiya.

Yaya, ki riga kowa zuwa wurin Inna, ta ji abin da na yi daga bakinki, kada ta tsinta a kasuwa.

Saƙon Tsohuwa ya iso ranar Juma'a. Ba laifinki ba ne. Cewa ta yi angonta ya je ya buɗe ido, ya taho mata da jelar giwa ta yi mafici. Aka yi ta shewa.

Jiya da safe na bi su gidan Bature, ban ko tsaya neman takalmi ba. An ɗaure tanti a saman mota, an cusa 'yar tabarmar yaron a gefe, shi kuma ya riga ya haye baya yana lilo da ƙafa. Ƙannen maigida suna nan, da Sanda, da masu gadi. Na tsaya a tsakiyar filin na kira sunansa da ƙarfi. Na ce ya sauko, ba inda za shi.

Yaya, bai juyo wurina ba. Sai ya kalli Sanda, ya kalli matar Bature, yana neman mai kiran. Bai san sunansa a muryata ba. Sai da na sake kira.

Maigida ko dubana bai yi ba. Ya zagaya ya zaro tabarmar, ya sauke yaron, ya yi wa Bature wata magana da Turanci, suka tafi. Ban san abin da zai ce ba idan ya dawo.

Yau a rijiya matar wansa ta yi ta kiran sunan da irin muryata, mata suna riƙe ciki. Na ja gugana kaina a ƙasa. Yaron kuma ya yini kuka, ya ture kokon da na dama masa, wai na hana shi ganin giwa. Ya koma bayan ɗaki ya juya mini baya. Nakan leƙa in ga ƙeyarsa in dawo.

Malam ya ce ko ya ci gaba da rubuta yaron nan. Na ce ya rubuta Sada, Funtuwa duk ta ji.

Ban da ke ba wanda na yi wa bayani sai mutum ɗaya. Ɗazu na tsuguna kusa da Sada na gaya masa tsoro nake ji kada ruwa ya cinye mini shi. Sai ya juyo ya sha kokon.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Mairo