Sun Jefa Ƙuri'a Kan Yadda Za Su Kashe Mijina Bayan Na Binne Shi

Anti Hamsatu, ki taimake ni kafin ranar Asabar, don na saka kaina cikin abin da ban san hanyar fita ba.

Kwana tara da binne mijina na sa wayarsa a caji, ina neman lambar wani abokin aikinsa da bai ji rasuwar ba. Tana kunnuwa ta kama kuka kamar 'yan tsaki, saƙo a kan saƙo. Abin da na fara gani shi ne: "Ɗaya, a jefa shi rijiya. Biyu, macijin wuta ya haɗiye shi. Uku, gudawa ta kashe shi." A ƙasa mutane suna ta rubuta uku, uku, uku, da fuskar dariya. Na daɗe ina kallo kafin na gane maganar mijina ake yi, kuma ƙuri'a ake jefawa kan yadda za a kashe shi. Mutumin da ciwon ƙoda ya riga su.

Bari in yi miki bayani, don ni ma sai da na yi kwana biyu ina karatu kafin na fahimta. Mijina Vandi malamin firamare ne a Maiha, amma a Yelwa muke zaune, a nan Mubi. Shekara ashirin da shida muna tare. Mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai in kai wa maƙwabci. Ashe yana cikin wani zaure na WhatsApp, su talatin da wani abu, masu son wani littafin almara wai shi Garuruwan Bayan Gajimare. Marubucin ya yi littafi uku ya gaji ya ajiye, su kuma suka ce ba su yarda ba. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin littafin yana ci gaba da labarinsa. Duk Litinin shugaba ya ba da aiki, duk Asabar a kawo, alƙalai uku su ba da maki. Wanda ya yi fashi sau uku, a kashe mutuminsa ko a ba wa wani. Vandi ya yi fashi biyu yana asibiti, na ukun yana kabari.

Ina ma ki ga sunayensu. Shugaban wani Mahmoud ne, ɗalibi a Kaduna, amma laifi ne a kira shi haka, sai dai Ma'ajin Tarihin Sammai Bakwai. Akwai Gimbiyar Ƙanƙara, wata yarinya Nafisatu a Sakkwato, wadda na tabbata ƙanƙarar da ta taɓa gani ita ce ta cikin kular zoɓo. Akwai Destiny na Abuja, shi ne Inuwar Mutuwa, wanda kwanan baya ya roƙi a ƙara masa lokaci saboda mamansa ta ƙwace waya. Suna da tsarin mulki mai sashe goma sha huɗu. An taɓa yin mako guda ana faɗa kan ko macijin wuta ƙwai yake yi ko haihuwa, har mutum biyu suka yi fushi suka fita.

Kowa ya ɗauki yarima, ko mayya, ko jarumin da takobinsa ma yana da suna. Vandi kuwa mai tsaron ƙofar gari ya ɗauka, wani tsoho Gurmo, wanda a duk littafi ukun sau ɗaya aka ambace shi, shi ma cewa aka yi yana gyangyaɗi. Tun dawowarmu daga gudun hijira yake rubuta shi, kusan shekara biyu. A lokacin tsiya nake masa, ina cewa malami da furfura yana danne-dannen waya kamar saurayi, har na taɓa zargin mace ce. Da na karanta, Anti, muryarsa na ji. Gurmo yana shan shayi ba sukari yana mita, yana gyara wa sarakuna kuskuren magana, yana tsoron matarsa. Na yi dariya, na yi kuka, har maƙwabciyata ta leƙo.

Ana cikin ƙuri'ar sai Destiny ya ce kada a kashe Gurmo, a ba shi. Wai yana da dabara: zai mai da shi maci amana, a gano cewa shi ne ke buɗe wa abokan gaba ƙofa. Suka yi ta yaba masa. Su a can wasa ne. A Mubi, tun abin da ya faru a 2014, ba a wasa da maganar wane ne ya nuna wa maharan hanya. Akwai gidajen da har yau ba a gaisawa da su saboda wannan zargi. Ban san lokacin da yatsana ya rubuta "Ina nan, ban mutu ba" da sunan Vandi ba.

Aji shida na gama, sai shekara ɗaya a sakandare. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi. Amma wata huɗu ke nan ina rubuta Gurmo a madadinsa, ban yi fashi ko sau ɗaya ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu, wayar duk ta yi maiƙo.

Watan jiya Ma'ajin Tarihi ya ba da aiki, a rubuta ranar da gari ya faɗa hannun abokan gaba. Na ce to, yau an zo gidana. Sauran suka kawo nasu: jarumi ya hau ganuwa yana jawabi shafi uku, kibiyoyi suna jiran ya gama. Gimbiya ta gudu kan farin doki wata biyu, ba ta ci ba, ba ta zaga ba, gashinta bai hargitse ba. Ni kuwa namu na rubuta, sunaye kawai na canza. Matar Gurmo ta fito da murfin tukunya a hannu, ba tukunyar, kuma ba ta lura ba sai da suka yi nisa. Mutane suna gudu suna gaisawa, ina kwana, yaya yara, don baki ya saba. Wata tsohuwa ta zauna bakin mayo, wato rafi, ta ce a wuce, ita ta gaji. Gurmo ya riƙe ƙofa har kowa ya fita, sannan ya kulle gari ba kowa a ciki ya sa makulli a aljihu, kamar yadda Vandi ya koma da gudu ya kulle gidanmu, muna tsaye a hanyar Sahuda ina zaginsa. Murfin nan kwana uku yana hannuna har Kamaru. Da shi muka sha ruwa, a kansa muka ci abinci.

Na tara na zo, cikin mutum goma sha ɗaya da suka kawo. Ma'ajin Tarihi ya rubuta: "Baba Gurmo, labarin bai yi kama da gaskiya ba. Wa zai gudu da murfin tukunya? A ƙara bincike kan yadda mutane suke yi lokacin yaƙi." Bincike, Anti! Inuwar Mutuwa ya ƙara da cewa ba jini ba wuta, kamar labarin zuwa kasuwa. Wanda ya zo na ɗaya, jaruminsa ya kashe mutum dubu da hannun hagu, don na daman yana riƙe da fure.

Yanzu ga inda na maƙale. Destiny ya fara zuga cewa rubutun Gurmo ya canza, wai tsohon ya san harkar girki fiye da kima. Shugaba ya ɗauko sashe na tara, ya ce ranar Asabar kowa ya karanta aikinsa da muryarsa ya turo. Sun san muryar Vandi, ya taɓa yi musu barka da Kirsimeti. Ƙaninsa Kwaji muryarsu ɗaya, ko ni a waya ina ruɗewa. In roƙe shi ya karanta? In na faɗi gaskiya, dokarsu ta ce a kore ni, Gurmo kuma ya faɗa hannun wannan yaro.

Akwai kuma Nafisatu. Na yi mata dariya a sama, amma ita ce ke hana ni cin abinci. Ashe Vandi yana gyara mata rubutu a gefe, tana ce masa Baba. Ta san ba shi da lafiya. Duk mako sai ta tambaya ko ya sha magani, ta ce tana sa shi a addu'a, ni kuma in rubuta "da sauƙi, 'yata". Shekaranjiya ta ce ta ci jarrabawa, tana so ta kira ta gaya masa da bakinta. Na ce wayar ba ta jin magana.

Ban yi wa Kwaji magana ba tukuna. Ban gaya wa zauren cewa Vandi ya rasu ba, ban gaya wa yarinyar nan ba.

Matar Mai Tsaron Ƙofa,
Yelwa, Mubi

AMSA

'Yar'uwata, Allah ya ji ƙan Malam Vandi, ya ba ki dangana. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: ki bar Kwaji ya zauna lafiya. Wannan Asabar murya suke nema, wata mai zuwa hoto za su ce, ko kuma za ki shafa masa toka a gemu? Ƙaryar mutum ɗaya ta riga ta yi miki nauyi, kada ki ɗauko ma'aikaci.

Game da zauren, na taya ki dariya. Mutum yana ajiye da tarihin sammai bakwai, amma bai taɓa tambayar kansa me ya faru a garin da ɗaya daga cikin mutanensa yake zaune ba. Sai dai a yi musu adalci. Ba mijinki suka jefa wa ƙuri'a ba, Gurmo suka jefa wa, bisa dokar da Malam Vandi ya karanta ya amince da ita. Ki duba baya a wayar, ba zan yi mamaki ba idan shi ma ya taɓa rubuta "uku" a kan mutumin wani yana dariya. Rashin sanin gudu kuma da kika gani a wurinsu, shi ne abin da muke roƙa wa kowane yaro. Destiny ba ɗan leƙen asiri ba ne, yaro ne mai data da yawan surutu.

Yanzu ke. Za ki ce don Vandi kike yi, kuma na yarda da haka aka fara. Amma ki sake karanta wasiƙarki ki ga inda jininki ya fi tafasa. A wajen na tara ne. Wannan ba fushin mai takaba ba ne, fushin marubuciya ne da aka rage wa maki. Ba Malam Vandi ne ya zo na tara ba, ke ce. Kuma ni da nake karanta wasiƙu shekara da shekaru ina gaya miki, alƙalan nan uku su ne suka faɗi jarrabawar, ba ke ba.

Abin da ba zan yi miki sassauci a kai ba shi ne Nafisatu. Wata huɗu yarinya tana roƙa wa mamaci lafiya, kina amsa mata da bakinsa. Gurmo na takarda ne, ita kuwa mutum ce, kuma ta yi rashi ba ta sani ba. Ki kira ta kafin kowa, yau ko gobe, da muryarki, ba a rubuce ba. Ki fara da rasuwar, ki faɗa mata ranar, ki bar ta ta yi kuka. Bayani da neman gafara su biyo baya. Idan ta yi fushi ta kashe waya, tana da hakkin haka, kada ki bi ta da saƙonni. Ki taya ta murnar jarrabawar, don da shi ne da ya yi.

Kafin Asabar ki kai wayar wurin masu buga takardu a fitar miki da duk abin da ya rubuta, da naki, a ɗinke. Waya tana lalacewa, balle wadda ke zama kusa da kaskon mai.

Ranar Asabar kuma ki ba su abin da suka nema. Murya suka ce, ki tura taki. Ki faɗi ko ke wace ce, da ranar da ya rasu, da makon da kika karɓi rubutun, ba tare da kwana-kwana ba. Ki ba su haƙuri, don kin yaudare su. Sannan ki nemi abu ɗaya tak: a bar miki Gurmo da sunanki, ko a bar ki ki rubuta ƙarshensa da hannunki a rufe shi. Tsarin mulkin da ɗalibai suka rubuta a waya, ɗalibai za su iya gyara shi a waya. Zatona kunya za ta kama su, musamman mai cewa a ƙara bincike. Na yarda ki ji daɗin hakan kaɗan, amma kada ki zarce.

Ba zan yi miki alkawarin za su amince ba. Suna iya korarki su miƙa wa yaron. Idan haka ta faru, abin da zai rubuta ba shaida ba ce a kan mijinki. Ba wanda zai daina gaishe ki a Yelwa saboda labarin da wani ya ƙaga a Abuja, kuma mutanen da suka yi tafiyar nan tare da ku sun san wane ne Malam Vandi. Ciwon zai yi miki zafi, amma bai kai na ci gaba da amsa sunan mamaci duk Asabar ba.

Ko sun bar ki ko sun kore ki, kada ki ajiye rubutu, sai dai daga yanzu ki riƙa sa sunanki a ƙasa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciyar kiran yarinyar nan, ya sanyaya muku ku duka biyu, ya zaunar da Mubi lafiya.

Anti Hamsatu