Rasuwar Likita Abdulƙadir, Wanda Aka Ce Ya Ƙirƙiri Shanu

Cikin alhini da ɓacin rai, tare da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Mata Masu Nono ta ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, a ƙarƙashin uwarmu kuma shugabarmu Hajiya Inno ta Ɗantutture, ta sami labarin rasuwar ɗanmu, malaminmu, likitan shanunmu, Malam Likita Abdulƙadir ɗan marigayi Malam Ummaru Rawayau, wanda ruwa ya tafi da shi ranar Talata da la'asar a rafin da ke kan hanyar Makera, aka same shi washegari, aka yi masa sutura a Rawayau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya riga ya zama likitan dabbobi tun kafin ya dawo mana. Makarantarsa ce ta turo shi ƙarin karatu na bincike, don ya gano yadda ciwon huhu ke tsallakawa daga wannan garke zuwa wancan. Ranar da ya fara zuwa, ya zaunar da iyayenmu mata a gindin tsamiya ya karanta musu takardar da aka ba shi. An rubuta a ciki cewa sai ya ƙware a ɗiban jini da gane cuta a madubin likita, sai ya bi garkuna shekara biyu yana rubuta abin da idonsa ya gani ba ƙari ba ragi, sannan manyan malamai uku za su zauna su yi masa tambayoyi. Hajiya Inno ta tambaye shi ko malaman za su zo su ga shanun. Ya yi dariya, ya ce su takarda kawai suke dubawa, Inna. Ita kuwa ta ce ba ta taɓa jin wanda ya tatsi takarda ba.

Shekara biyu ya yi yana zagaya Rawayau da Ɗantutture da Makera a kan kekensa, da akwatin kwalabe a baya. Kowace saniya ya maƙala mata ɗan ƙarfe mai lamba a kunne, ya rubuta sunanta da na uwarta. Bai taɓa raina maganar mace ba. Yakan ce mai tatsa ita ke fara jin tarin saniya, don haka mu yake fara tambaya kafin maza. Gidaje da yawa da ke kaɗa nono a yau, da ba don Allah ya kawo shi ba, da ƙwarya ce kawai a kife.

Ga abin da ya gano. Kowa a ƙasar nan ya san aron saniya, wanda Fulaninmu ke kira habbanaye: idan garken mutum ya ƙare, ɗan'uwansa zai ba shi karsana ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki 'ya'yan, ya mayar da uwar. Likita ya lura cewa tare da waɗannan shanun aro ne cutar ke tafiya. Ya koya mana a ware saniyar aro a ɗaure ta gefe kafin a haɗa ta da garke, kuma tun da aka fara haka mutuwar ta ragu.

Da ya kai littafinsa gaban malaman, sai suka ga saniya mai lamba arba'in da ɗaya da rani tana garken Malam Hudu a Ɗantutture, da damina kuma tana garken Malam Rabo a Makera. Suka ƙirga irinta guda talatin da shida. Suka ce saniya ɗaya ba ta da iyayengiji biyu, wato a ɗaki ya zauna ya maimaita lambobi don aikinsa ya yi kauri. Biyu daga cikin malaman baƙi ne, ba su san ƙasarmu ba, kuma rashin sani ne ya ja su, ko da yake wanda bai sani ba tambaya ya kamata ya yi. Na ukunsu kuwa Malam Sabitu ne, mai kula da aikin marigayin, ɗan ƙasar nan, wanda garken gidansu kaf daga karsanar aro ya tashi, kuma tsofaffinmu sun san wanda ya ba mahaifinsa ita. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya sunkuyar da kai ya yi shiru, aka rubuta wa Likita maƙaryaci. Aka ce in yana son a sake duba shi, ya sake ɗibo jinin shanun nan talatin da shida da dangwalen yatsan masu su cikin kwana talatin, a tsakiyar damina. Ya ɗibi talatin da ɗaya. A hanyar dawowa daga ta talatin da ɗayan ne ya shiga rafin, don kada jinin ya lalace kafin ruwa ya janye.

Mun san ajali ba ya jinkiri. Amma ajali daban, ƙazafi daban. Tun ba a yi sadakar uku ba, Malam Sabitu ya aiko a ba shi littattafan marigayin, wai zai ƙarasa aikin. Aikin da aka ce ƙarya ne, yau shi ake so?

Saboda haka ƙungiya ta zauna jiya ta yanke, kuma an ce in rubuta yadda aka faɗa, ban rage ba. Littattafan suna hannun Hajiya Inno, ba za su fita ba. Daga yau babu macen da za ta sauke ƙwarya a ƙofar gidan Malam Sabitu, ko fura ko man shanu, ko da suna ake yi. Babu rugar da za ta kama masa saniya ya soka allura. Mazajenmu sun yarda za su karɓo shanun aro huɗu da ke garken gidan su Malam Sabitu tun ba su haihu ba. Mun san abin kunya ne da ba a taɓa yi ba a ƙasar nan, kuma don haka muka zaɓe shi. Allurar rigakafi ta gwamnati za mu ci gaba da karɓa, domin marigayin ya hore mu kada mu ƙi ta.

Ranar addu'ar arba'in za a koro shanun nan talatin da shida zuwa karar Dutsin-Ma, kasuwar shanu, kowace da mai ita da wanda ya are ta. Muna gayyatar malaman uku su zo su kama kunnuwa su karanta lambobi da idonsu. In sun zo, su soke kalmar da suka rubuta, su karanta sokewar a gaban mahaifiyarsa. In ba su zo ba, duk ɗalibin da makarantar ta turo nan gaba zai tarar da turke babu saniya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mahaifiyarsa Hajiya Mairo, da maiɗakinsa Malama Hassana, da yayansa Malam Lawal, da dukan jama'ar Rawayau. Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya raya abin da ya bari, Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Hajiya, ɗanki bai yi ƙarya ba, mu ne shaidu, duniya da lahira. Wanda kuwa ya san gaskiya ya haɗiye ta, ba mu yafe ba. Allah Ya isa.

Rahamatu Mamuda Kurfi
Magatakarda, Ƙungiyar Mata Masu Nono ta Kurfi da Dutsin-Ma
A madadin Shugaba, Hajiya Inno Ɗantutture
Juma'a, 20 ga Agusta, 1965