Inda Zainab Za Ta Kai Baƙo

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya Baban Sadiq da yaran? Ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan unguwar Setapak, a ƙasar mutane, lafiya lau, sai zaman kullen korona.

Yaya, jiya na sha kunya. 'Yarki Zainab tana darasi ta waya, ni ina gefe ina yanka albasa. Malamarsu ta ce kowa ya faɗi inda zai kai baƙo a ƙasarsu idan an buɗe hanya. Wannan ya ce jihar Terengganu wajen masu rinin batik, atamfarsu ta nan, waccan ta ce garin Melaka ganin tsoffin gidaje, duk a nan ƙasar. Da aka zo kan Zainab, ita ma sai ta ce Melaka.

Malamar ta yi dariya ta ce, "A'a, Najeriya nake nufi."

Yarinyar nan ta juyo, duk aji suna ji, ta tambaye ni da Turanci, "Mama, akwai abin kallo a can?"

Wallahi albasa ce ta rufa mini asiri. Mu da muka tashi a gindin Dala, 'yata ba ta san akwai shi ba.

Don Allah ki ɗaukar mata bidiyon marinar Ƙofar Mata da dukawan Kurmi, kina yi mata bayani da Hausa. Ki gaida Inna da kowa, a sa mu a addu'a. Amma kar Inna ta ji wannan.

Ƙanwarki,
Maryam