Kuɓewa a Kan Panno

Litinin, 6 Oktoba 2025
Autata Zuhaira ta gama ɗaura panno biyu, faifan nan masu samar da wuta daga hasken rana, a kan sabon ɗaki. Ɗakin ƙasa ne zalla, rufin tubali a lanƙwashe, ba azara ba kwano. Da azahar ka shiga sai ka ce rijiya ka leƙa. Firigo, akwatin sanyi, ya kama aiki, allurar sugan maigidana Malam na ciki. Sai dai mace a kan tsani, gari na kallo. Na faɗa mata. Dariya ta yi, wai "Inna, ke ma za ki hau." Allah ya kiyaye.

Alhamis, 9 Oktoba
Ta koma aikinta Damagaram. Ban ɗauke tulun jiƙaƙƙen yashi da nake ajiye allurar ba. Bara zafi ya ɓata ta, Malam ya yi kwanaki a likitar Tanout. Ban manta ba.

Lahadi, 12 Oktoba
Ranar nan mai ƙuna da muke tsine wa ita ke sanyaya magani. Yarinyar nan ta iya, ba don ni na haife ta ba.

Asabar, 18 Oktoba
Da hantsi firigo ya yi shiru. Na mai da allurar cikin tulu, na kira Zuhaira a waya. "Inna, hau ki duba." Maza duk suna girbi, Malam kuwa ƙafa ta hana. Na ɗaure zane na hau.

Kuɓewa! Yankakkiya, ta rufe panno ruf. Ashe tun shekaranjiya Yaya Lantana, yayar Malam, ta shanya. Ko a jikinta. "Faifai mai santsi, ga zafi, akuya ba ta kaiwa, a bar shi a banza?" Yayar miji ce, me zan ce? Na kwashe, na goge da mayafina. Kafin la'asar firigo ya fara gurnani. Na zauna gabansa na yi kuka, don na tsorata ƙwarai.

Litinin, 27 Oktoba
Ni ke shanya wa Yaya kuɓewarta yanzu, a tabarma, can gefen panno. Abin da ke kai ni sama ke nan da safe. Tunda na hau, sai in ɗan goge. Daga can ana hango kwarin Tarka, ban taɓa sani ba.

Zuhaira ta tambaya wa ke gogewa. Na ce ana dai gogewa.