Kukan Motar Malam

Litinin, 5 ga Yuni, 2023

Malam! Kai Malam, da kana kusa da ka ji abin da motarka take mana. Kana can Madina kana ziyara, ni ka bar ni Kusada da ƙarfe mai ihu. Ɗiyarka Turai ce ta nuna mani wurin rubutu a wayar nan, ta ce Umma ki riƙa zuba surutunki nan tunda Baba ya tafi aikin Hajji. To ga shi ina zubawa.

Tun shekaranjiya ta fara. Tana cikin rumfarta a tsakar gida, ba wanda ya taɓa ta, sai wiii wiii wiii, fitilu na ƙifta ido, kaji su watse. Ta yi ta yi, in ta gaji ta yi shiru don kanta. Makulli mai rimot da ka ba ƙanenka Manu yana aljihunshi. Ɗayan da ka ce in adana, na adana, ko kallonshi ban ƙara yi ba.

Ni ba ihun ya dame ni ba. Turai watanta ya tsaya, cikin fari ne, kuma wurin awo sun ce jininta na hawa, kar a yarda ta haihu gida, da ta ji motsi a wuce da ita asibiti Kankia. Don ita ka bar motar. To motar da ke hauka ita za ta ɗauki mai naƙuda?

Talata, 6 ga Yuni

Ina zaman tahiyar azahar ta ɓarke. La'asar ma haka. Wallahi ban san mi na karanta ba.

Laraba, 7 ga Yuni

Alhamdulillahi. Bari in fara da wannan.

Da hantsi maƙwabciyata Rahamatu ta shigo aron turmi, ta tsaya tana kallon motar ta gefen ido. Wai ita dai ba ta ce komai ba, amma mota ba ta kuka haka nan, mu bincika lafiyar mai ita. Ta ɗauki turmi ta fita. Na kira ka, na kira ka, wata mata na ta yi mani Larabci. Tuwon rana ma da gudaji na tuƙa shi.

Sai ga kiranka bayan la'asar, garas da kai, kana mitar shinkafarsu ba yaji. Na zauna bakin rijiya ina dariya ina share ido. Ka ce ya gida, ya mota? Na ce duk lafiya lau. Mi zan ce? Mutum na gaban Ma'aiki zan ɗora mashi zancen jiniya?

Juma'a, 9 ga Yuni

Manu ya zo da sifana bayan masallaci. Ya ɗaga bonet ya cire kan batir, ya kaɗe hannu. Wai matar yaya na yanke mata maƙogwaro, sai ki biya ni da fura. Na ce furar da ka sha jiya wa ka biya? Ya dai sha.

Gida tsit. Har barcin rana na yi, Turai ma ta samu ta miƙe ƙafa.

Asabar, 10 ga Yuni

Murna ta koma ciki. Manu ya maida kan batir don ya ɗumama ta, sai ta kwarma ihun da ba ta taɓa yi ba. Ya danna rimot, ya danna, ya ɗora shi a haɓa ya danna, wai haka direbobi ke yi. Ko a jikinta. Ya shiga ya murɗa makulli, ta ƙi tashi, ko tari ba ta yi ba. Dole ya sake cire batir ɗin.

Na ce to yanzu in abin ya zo fa? Ya sosa ƙeya ya ce akwai 'yan kabu-kabu. Kabu-kabu! Da damanar nan, da cikin nan. Turai na bakin ƙofa dafe da ƙugu. Na daka mata tsawa ta koma ɗaki, ba don ta yi laifi ba.

Lahadi, 11 ga Yuni

Ya sayo ɗan batir mai kama da maɓallin riga, ya ɓare rimot da wuƙata ta yankan alayyahu ya sa. Shiru. Wuƙar kuma ta karye baki.

Litinin, 12 ga Yuni

Yau na ga abin kunya kuma na ga sauƙin Allah, duk a wuni ɗaya.

Manu ya ɗauko wani mai wayarin daga Kankia, Bube sunanshi, dattijo mai furfura a gemu, da 'yar jakarshi a bayan mashin. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu waje, ya daɗe yana huci. Ya fito ya ce sikuritin da aka sa mata ne. Cire batir da aka yi ta yi ya sa ɗan akwatin ya manta rimot ɗinshi, yanzu duk wanda ya zo ɓarawo take ɗaukarshi, shi ya sa ta hana kanta tashi. Wai sai an sake gabatar da su, kamar baƙi. Manu ya ce ai dama shi ma abin da ya yi zato ke nan. Bube ya ce to sannu da zato.

Sai ya ce a kawo duk rimot ɗin da ke gidan, wanda ba a saita tare ba ya tashi aiki. Na juya baya na kwance bakin zanena. Nan na ƙulle shi tun ranar da ka tafi, inda nike ƙulle duk abin da ba ni so ya ɓata, na soke a ƙugu. Bube ya amsa ya jujjuya shi. Ya ce Hajiya, nan yake kwana nan yake wuni? Na ce to ina ya fi nan tsaro? Ya nuna mani wani jan maɓalli a gefe, har ya lotsa. Sai gemunshi ke rawa yana danne dariya.

An kira la'asar Manu ya fita masallaci, shi Bube ya ce ya ida aikin tukun tunda hadari na haɗowa. Ya ce yana son hannu biyu, in shiga in zauna. Ni? Kujerar direba? Tunda ka sayi motar nan baya nike zama. Na yi bismilla na shiga. Ya kama ya nuna mani wani ɗan mitsitsin maɓalli a ɓoye, ba zan rubuta inda yake ba ko a nan. In murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kawo, in danna shi in riƙe har ta ce ƙyat. Ta ce ƙyat! Shi kuma ya danna rimot ɗaya, ƙyat, ya danna ɗayan, ƙyat. Ya ce to sun gaisa. Murɗa gaba ɗaya. Na murɗa, ta tashi, duk jikina ya ɗauki rawa tare da ita.

Ya ce duk ranar da rimot ya ƙi, wannan maɓallin ke sakinta, kuma ba kowa ake nunawa ba.

Da Manu ya dawo sai Bube ya ce don Allah in maida rimot inda yake, in zauna kan tabarma yadda nike zaman tahiya. Na zauna. Wiii wiii wiii! Malam, ashe ni ce. Duk kwanakin nan ƙuguna ke danna jan maɓallin. Manu ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki, wai matar yaya ashe ke ce aljanar. Turai na dariya tana cewa wayyo marata. Na ce duk ku yi, Allah ya kai mu lokacin fura.

Bube ya tafi da rimot ɗina zai sake mashi gida, wato murfin da ya lotsa.

Talata, 13 ga Yuni

Sallah biyar cikin natsuwa. Rahamatu ta maido turmi tana tambaya wane malami ya yi mana aiki. Na ce wani ne daga Kankia.

Juma'a, 16 ga Yuni

Namiji! Ita lafiya, shi lafiya. Allah na gode maka.

Jiya da hantsi ana tsuga ruwa ta kira ni, murya can ƙasa, Umma zo. Ina ganin fuskarta na sani. Aka kira Manu daga gona ya iso jiƙe sharkaf, rimot a aljihu ya sha ruwa. Ya danna, babu. Ya buɗe ƙofa da makulli, ta fasa ihu, ya murɗa, ta ƙi. Sai na ga ya nufi bonet. Ban san ina da murya haka ba. Na ce Manu in ka taɓa batir ɗin nan sai na saɓa maka! Ba ni nan!

Na shige da jiƙaƙƙen hijabi. Na laluba maɓallin ban ji shi ba, ihu kamar zai fasa kaina, ga Turai duƙe jikin ginshiƙin rumfa tana salati. Na ce Ya Rabbi. Na sake lalubawa a hankali yadda dattijon nan ya nuna. Ga shi. Murɗa, danna, riƙe. Ƙyat. Shiru. Na murɗa ta tashi.

Manu na tsaye cikin ruwa baki buɗe. Na ce tuƙi za ka yi ko kallo?

Hanya ban san yadda muka yi ta ba, kanta na bisa cinyata. Muna isa suka amshe ta, suka ce gara da aka zo da wuri, jinin ya hau sosai. Kafin la'asar na ji kukanshi. Wannan kukan kam a yi ta yi.

Talata, 20 ga Yuni

Mun dawo gida tun Asabar. 'Yan barka sai shigowa suke. Yaron hancinka ne sak, Allah ya sa kar ya ɗauko mitar.

Bube ya aiko da rimot cikin sabon gida, na yi mashi igiya na rataya a wuya. Da ka kira jiya Manu ya riga ya kai maka labari, har da ƙari. Ka gama dariyarka ka ce in nuna mashi maɓallin kawai in huta. Na ce ban ji ba, layin na yankewa. Yana ɗan yankewa kuwa.

Manu noma ya sha kanshi, shi ya sa nike ɗumama motar da safe. Ba don komai ba, kar batir ya kwanta. Na tambaye shi wanne ne birki wanne ne totur, don dai in sani kar ƙafata ta taka wani abu. Yau ta ɗan matsa gaba. Kaɗan. Na maido ta inda take, har na share sawun tayar da tsintsiya.

Yanzu ma ciki nike wannan rubutun. Kujerar ta fi tabarma daɗin baya, shi ke nan dalili. In ka dawo dama akwai maganar da nike so mu yi, ba ta gaggawa ba ce, kawai dai filin makarantar nan na bayan gari ba kowa ranar Asabar, to na ce ko

Ana buga ƙofa. Bari in fita kafin a iske ni a